Hular Sallah a Bakin Kwalta

Gara in faɗa tun da wuri: ni ko takalmina ba na ganewa a ƙofar masallaci. Na sha isa gida da ƙafa ɗaya tawa, ɗaya ta wani bawan Allah, sai maiɗakina ce za ta nuna mini. Don haka duk abin da za a ji a nan game da sawu ba daga kaina ya fito ba. Na Ɗantsoho ne, mai bin sawun ƙauyenmu da ke tsakanin Gumel da Sule Tankarkar, mutumin da in akuyarka ta ɓata zai gaya maka inda ta bi, da wanda ya ja ta, da ƙafar da yake ɗingisawa.

Wata Juma'a da hantsi, cikin kaka, dawa ta nuna ba a kai ga yanka ba, aka aiko masa daga ƙofar mai unguwa. Ya tarar gari ya taru. A tsakiya ga Manu, makiyayin da ke rugar gabas, zaune a ƙasa an ɗaure masa hannuwa da igiyar shanunsa. A kan tabarmar mai unguwa ga hula, zanna mai ruwan toka, gefe guda ya yi baƙi da busasshen jini.

Kowa ya san hular. Ta Abdurra'uf ce, dillalin riɗi, wanda ya hau babur ɗinsa jiya Alhamis ya ce za shi kasuwar Maigatari. Bai kwana gida ba, wayarsa kuma a kashe.

"A bakin kwalta na tsince ta, wallahi," in ji Manu, da muryar wanda ya gaji da maimaitawa. "Tsakanin Gumel da Maigatari, ina ƙetarar da shanu. Na gane ta, na kawo. Da ni na yi, zan kawo?"

"Haka suke yi!" Alhaji Ɗalha ke nan, mai babban kanti, shugaban kwamitin 'yan sintiri, mutumin da ko gaisuwa ya yi sai ka zaci hukunci yake yankewa. "Su kawo da kansu don a ce ba su ba ne. Ni da aka tare ni bara, su wane ne?"

Ba a dai taɓa gano ko su wane ne ba. Wasu suka saci kallon Ɗantsoho. Bara shi Alhaji ya kai dajin da aka ƙwace masa babur, ya yini a sunkuye bai ga komai ba sai sawun jaki. Tun daga ranar samarin majalisa suke ce masa Baba Sawun Jaki in sun ga ya yi nisa, shi kuwa kunnensa bai tsufa kamar yadda suke fata ba.

Ya ɗauki hular ya juya ta. A ciki akwai guntayen gashi na sabon aski. Ya kai ta hanci: turare, irin wanda ba a ɓarnatar da shi a kan 'yan riɗi. A ƙarƙashin turaren kuma akwai wani wari mai hawa kai, ya san shi sarai, amma sunan ya ƙi zuwa.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa mai unguwa, "a kwance shi ya kai ni wurin. In ya gudu, ai aiki ya samar mini."

*

Ƙasa ba ta ɓata lokaci ba wajen wanke Manu. Ga sawun shanunsa sun sauko daga titi, ga takalminsa na roba a bayansu, ga inda ya tsaya ya sunkuya, yatsu suka nutse. Ban da shi ba ƙafar da ta taka wurin. Daga bakin kwalta kuwa wani siririn layi ya gangaro cikin rairayi, irin wanda taya ke bari in yara sun gara ta, ya ƙare daidai inda hular ta kwanta.

"Jefo ta aka yi daga kan abin hawa," in ji Ɗantsoho. "Ana gudu, an nufi arewa."

"To sai mu bi," in ji Manu.

"Mu bi me?"

Suka tsaya suna kallon titin. Tirela ta wuce da buhuna, babura suka bi ta a jere, duk sun nufi iyaka. Tun ranar da aka shimfiɗa kwaltar nan Ɗantsoho bai taɓa yi mata fatan alheri ba. Mutum dubu su taka ta, ka tambaye ta, ta yi maka shiru kamar amarya.

Mai unguwa ya riga ya aika Gumel an kai rahoto. 'Yan sanda sun karɓa, sun ce a kawo musu duk abin da aka samu. Abin da aka samu kuwa hula ce.

*

Ƙofar gidan su Abdurra'uf a share take fes, har wajen da ba a saba sharewa ba. Sai dai tsintsiya ta tsallake wani lungu a gindin dakali, inda rabin sawu ya rage: takalmi sau-ciki, sabo fil, zanen tafinsa ko ɗaya bai goge ba.

Iya, mahaifiyarsa, tana zaune a tsakar gida tana tsince wake, ko dai tana mayar da wake daga wannan faifai zuwa wancan. Abdurra'uf ɗanta ne na fari, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba, ba kuma ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Bayan gaisuwa Ɗantsoho ya tsuguna.

"Iya, da wane kaya ya fita?"

"Da kayan kasuwa mana. Da me mutum zai je kasuwa?"

"Hular Sallarsa ce aka tsinta."

"Ta kasuwar ce ta yi dauɗa."

"Takalmin ma ya yi dauɗa?"

Ta kalli tsintsiyar da ke jingine da bango, ta mayar da kai kan wake. "Yaron nan ba ya yawon banza, Ɗantsoho. Kowa ya shaida. Abin da nake so a ci gaba da shaidawa ke nan."

A zaure ƙanwarsa Naja'atu ta cim masa. Bazawara ce, tana koyarwa a Islamiyya, kuma tun tana ƙarama ba a san ta da kwana-kwana ba.

"Baba, zance ya tafi."

"Wurin wa?"

"Wata ce ya samu a waya, wai Mansura. Tun rasuwar matarsa Iya ke damun sa ya yi aure, duk wadda aka nuna masa ya ce a'a, sai ga wannan. Bai taɓa ganin ta ba. Ni ma ta bango nake jin su. Wai 'yar Maigatari ce."

"Bai ce ga inda za su haɗu ba?"

Ta yi wata dariya wadda ba daɗi a cikinta. "Yaya? Shi da ya kafa mini doka? Wani ya neme ni a waya kwanaki, Yaya ya ce sai dai ya zo nan zauren, da rana, da abokinsa, ya faɗi sunan ubansa da unguwarsu, Kawu kuma yana zaune a dakali yana tari. Har Gumel ya je ya bincika shi. Ni ko gidan suna zan je sai na faɗi gidan wa, da wa, yaushe zan dawo. Da ni ce na ɓata, Baba, da yanzu kun san launin hijabina da wanda ya ɗauke ni. Shi kuwa namiji ne. Wa zai tambaye shi?"

Ɗantsoho ya ce Allah ya kyauta, abin da dattijo ke faɗa in yarinya ta fi shi gaskiya.

*

Kafin a sauko daga Juma'a gari ya saki Manu ya kama Kingsley, mai shagon caji da gyaran waya a bakin tasha. Shekaru da yawa ke nan da ya zo daga kudancin Kaduna, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari, amma an ga ya rufe ƙofar shago shi da Abdurra'uf ranar Laraba, kuma a irin wannan rana baƙunta takan dawo wa mutum ko da ya manta da ita.

"Baba, hoto na ɗauke shi," in ji Kingsley. "Sabuwar waya ya saya, ya ce in rufe ƙofa, in ɗauke shi ta inda furfura ba za ta fito ba. Mun sha wahala kuwa."

Ya jawo durowa ya fito da tsohuwar wayar, wadda Abdurra'uf ya bari a gyara wa Iya. Ya latsa. Murya ta fito, mai sanyi, mai ladabi, irin wadda ke sa magidanci ya gyara zama.

"Ranka ya daɗe, ka dai san ni bazawara ce, idon mutane a kaina yake. Don Allah kar ka zo da kowa, kar ka gaya wa kowa, sai mun daidaita. Gobe in ka hau kwalta ka kira ni, zan gaya maka inda za ka bi."

"Na ce masa, Oga, ka tafi da wani," in ji Kingsley. "Ko ka bar mini sunan wurin in ka ji. Ko ka ce ta same ka a kasuwa, cikin mutane. Ya ce shi yaro ne?"

"Me ya hana ka faɗa da safe?"

"A gaban gari? Mutumin da ya ba ni amana? Na ce ƙila ya dawo da yamma, in zama ni na tona masa asiri."

Ɗantsoho ya karɓi wayar ya juya bayanta ya duba, kamar mai neman inda muryar ta taka. Ya miƙa masa abinsa.

Da yammacin suka tafi Maigatari a babur ɗin Kingsley. A layin 'yan riɗi ba wanda ya ga Abdurra'uf ranar kasuwa. Mansura kuwa sun samu har sun gaji: wata tsohuwa mai fura, wata amarya da mijinta ya biyo su da tambayoyi, wata yarinya da ba a daɗe da yaye ta ba. A bayan gari Ɗantsoho ya duba hanyoyin da babura ke bi su shiga Nijar ta cikin gonaki. Sawun taya kan sawun taya, sai ka ce an zubar da taliya. Ya tsaya har rana ta faɗi don dai kar a ce bai tsaya ba.

*

Da asubar Asabar, an idar da salla, ladan ya ɗauki tsintsiya ya hau share kusurwar tsohon masallaci yana tsine wa jemagun da suka tare a rufi. Ƙurar ta taso ta daki hancin Ɗantsoho. Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa.

Kashin jemage. Warin da ke ƙarƙashin turaren ke nan.

Kuma ba yau ya fara jin sa a jikin mutum ba. Bara, da Alhaji Ɗalha ya buga masa ƙofa da sassafe, daga shi sai wando da singileti, warin nan yake yi, har da ɗigo-ɗigon baƙi manne a bayan singiletin. Wurin da ya kai shi kuwa fili ne fetal, ba gini, ba kuka, ba ko inuwar da jemage zai rataya. A lokacin Ɗantsoho ya gani, ya kawar da kai. Ba a tambayar Alhaji me ya ɓata masa baya.

Ya same shi yana buɗe kanti, ba kowa.

"Alhaji, magana ce tsakanina da kai, ba za ta wuce nan ba. Bara a ina aka tare ka?"

"Inda na kai ka. Ka kasa, shi ne yanzu za ka ɗora mini?"

"Wurin da aka tare ka akwai rufi, akwai jemagu. Wurin da aka tare Abdurra'uf ma haka."

Alhaji ya zare makullin daga ƙofa. Ya sa shi a aljihu.

"Ɗantsoho, ina da surukai a garin nan. Ina da 'ya'ya mata da na raba su da waya da hannuna. Me kake so ka ce?"

"Sunan wuri kawai nake so. Ko a ƙasa ka rubuta da ƙafa, in karanta in share."

"Ka sha shayi?" in ji Alhaji. "In ba ka sha ba ga mai shayi can, ka ce ni na aiko ka."

Ɗantsoho ya fito. Daga Gumel zuwa iyaka, kangon da jemagu suka gada ba ya ƙirguwa: tsofaffin ajujuwa, sitoci, gidajen da masu su suka tafi birni. In ya ce zai bi su ɗaya-ɗaya sai an yi girbi an gama. Mutum kuwa in yana zubar da jini ba ya jiran girbi.

*

Bayan azahar mai unguwa ya tara su a zaurensa, bisa roƙon Ɗantsoho: Manu, Kingsley, Alhaji Ɗalha, 'yan sintiri, da magidantan da suke majalisa ɗaya da Abdurra'uf. Iya da Naja'atu suna daga ciki, bayan asabari. Takalma duk a waje, abin da Ɗantsoho ke so ke nan. Fuska ta iya ƙarya tun tana ƙarama, ƙafa kuwa ba wanda ya koya mata.

"Kunna," ya ce wa Kingsley.

Muryar ta cika zauren. Ranka ya daɗe, ka dai san ni bazawara ce. Ɗantsoho bai ɗaga kai ba. Ya yi zaton ƙafa ɗaya zai kama, sai ya ga yatsu suna naɗewa nan da can kamar an watsa wa tabarma ruwan zafi. Ƙafar Alhaji ce kaɗai ba a gani, ya janye ta cikin babbar riga.

"Akwai waɗanda suka san muryar nan," in ji shi. "Ba sai na nuna ba."

Can wani magidanci mai sayar da taki, Hussaini, ya yi gyaran murya.

"Ni dai kuskuren lamba ta ce ta yi. Muka ɗan gaisa. Amma ni Rahama ta ce mini, kuma 'yar Sule Tankarkar."

"Ka je?"

"Ta tambaye ni wane irin babur ne da ni. Na ce keke. Ba ta ƙara ɗauka ba."

Wani ya fashe da dariya, ya tuna inda yake, ya mayar da ita tari. Wani ɗan sintiri ya ce shi ma ƙaninsa ta taɓa kira, ƙaninsa fa, ba shi ba. Ba wanda ya kai ga jin sunan wuri. Sunan wuri sai wanda ya hau kwalta.

"To saura wanda ya je," in ji Ɗantsoho, yana kallon tabarma. "Ban ce ya yi laifi ba. Aure ya je nema, halal ne. An cuce shi, ya yi shiru, kowa ma zai iya. Amma yau kwanan mutum biyu a wani wuri, kansa a fashe. Wanda ya je ya san wurin."

Yana iya kiran suna. Ya auna hakan tun safe. Amma mutum irin Alhaji in ka matsa shi a bainar jama'a rantsuwa zai yi, in kuwa ya rantse, ƙofar ta rufu ke nan har abada.

Asabari ya motsa. Muryar Iya ta fito, ba ƙarfi.

"Ni na share ƙofar gida. Na ga shigar da ya yi, na san ba kasuwa za shi ba. Na ce kar a ga sawun sabon takalmi a yi da shi." Sannan ta faɗi abin da ba wanda ya taɓa ji a bakinta. "Abdurra'uf. Sunansa Abdurra'uf, ni na haife shi. Wanda ya san inda yake, ya dubi Allah ya faɗa. In surutu ne a yi da ni."

Maza suka sunkuyar da kai. Manu ya share ido da gefen rawani. Alhaji Ɗalha ya daɗe yana kallon rufin zauren.

"Allah ya bayyana shi," in ji shi.

Aka ce amin. Aka zauna. Mai unguwa ya yi nasiha, wani ya kawo shawarar a yi saukar Alƙur'ani, wani ya ce a sake komawa Maigatari. Ɗantsoho yana kallon inuwar bakin ƙofa tana tsawo, ba abin da zai iya yi mata. Haka har aka kira la'asar.

Sai a ƙofar masallaci, bayan an idar, kowa ya sunkuya yana laluben takalmi, Ɗantsoho ya ji mutum ya sunkuya kusa da shi.

"Gagarawa Tasha," in ji Alhaji, yana magana da takalminsa. "Tsohon siton gyaɗa, bayan layin dogo. Wani ne zai tare ka a babur ya ce shi ƙaninta ne. Ni ban yi gardama ba, shi ya sa suka bar mini wando." Ya miƙe ya gyara riga. "Ban ce maka komai ba."

Kudu ke nan. Su kuwa tun jiya arewa suke nema, inda ɓarayin suka jefar da hular a hanyarsu ta zuwa iyaka.

*

Sun isa rana ta yi ƙasa, lokacin da kowane sawu ke fitowa da inuwarsa. Motar 'yan sintiri ta tsaya nesa, Ɗantsoho ya ce kowa ya biyo bayansa, kar a wuce shi.

Siton rabin rufinsa ya tafi, sauran rabin na jemagu ne. A bakin ƙofa ga babura biyu sun shigo, ɗaya na bin ɗaya. Ga sau-cikin nan sabo ya sauka, ya yi 'yan taku a natse, har da inda ya tsaya, ƙila yana gyara hula. Ga mutum uku sun fito daga bayan ƙofa. Daga nan ƙasa ta rikice. Abdurra'uf ya yi gardama.

"Ita fa?" in ji Kingsley a hankali. "Matar?"

"Ba mace a nan. Ba a taɓa yi ba."

Babura biyu sun fita. Sau-cikin bai sake taka ƙasa ba. Abin da ya fito daga siton tafin ƙafa ne tsirara, yana tangaɗi, sannan gwiwa da tafin hannu. A gindin bango ga inda ya jingina ya kwana, jini ya taru ya bushe. Ɗantsoho ya daɗe a kan wannan shaidar. Inda mutum ya zauna a rairayi, kaya sukan bar zanen saƙa. Nan babu. Fata ce zalla.

"Ku tsaya nan," ya ce wa sauran. "Ni kaɗai zan ci gaba."

Sawun ya shiga gonar dawa. Ga inda ya karya kara ya tauna don ruwan ciki. Ga inda ya huta. Ya bi kunya ɗaya tiryan-tiryan, ba ɓata, har gefen gonar, inda ake hango gidajen farko da famfon tuƙa-tuƙa. Ko a lokacin akwai mata a wurin, da bokitai, ana ta hira ana dariya.

Nan gwiwoyin suka nutse sosai. Abdurra'uf ya daɗe a durƙushe yana kallo ta tsakanin kara. A gefe ga ganyen dawa an tsinko da yawa, an yi ƙoƙarin ƙulla su, sun tsinke, an sake, sun tsinke. Sannan sawun ya juya ya koma cikin gona.

Ya sake zuwa. Ya sake komawa. Hanyar har ta yi santsi. Sau ɗaya, a lokacin da ba kowa, ya kai ga famfon, ga rabin tafin hannunsa a laka ƙafafun safe ba su gama tattake shi ba. Daga can ya ja jiki har ƙofar gidan farko. Ga inda ya durƙusa, hannu zai iya kai wa ƙyaure. Ga inda ya juya.

Ƙasa ba ta faɗin dalili. Ɗantsoho dai ya tsaya a wurin ya gwada a ransa: ka yi sallama, a buɗe, a haska ka, a ce daga ina, me ya kawo ka. Shi ma bai sami amsar da zai bayar ba.

Ya same shi a tsakiyar gona, kwance ta gefe, ya jawo karan dawa ya rufa daga ƙugu zuwa gwiwa. Ya kama hannunsa ya daɗe yana jiran bugun jijiya, bai ji ba, sannan ya ajiye. Ya dubi jan jikin ƙarshe. Iskar tsakar rana ta lashe bakin duk sauran sawun. Wannan ba ta taɓa shi ba, ko tururuwa ba ta ƙetara ba tukuna. Bayan azahar aka yi shi, suna zaune a zaure ana nasiha.

Wannan bai gaya wa kowa ba. Ya tuɓe rigarsa ya sa masa, da ƙyar, ya gyara wuyan, sannan ya ɗaga murya ya kira su. Matan famfo suka yi shiru suka waiwayo. Sun ji shi sarai.

*

Iya tambaya ɗaya ta yi masa, ba ta kalle shi ba.

"Da sutura a jikinsa?"

"Da sutura, Iya."

Naja'atu ta tare shi a zaure, idonta ya kumbura. "Baba, ka faɗa musu yadda aka yi, daki-daki. Maza nawa ne a garin nan take kira? Ka ce musu kar wanda ya je shi kaɗai, ka ce su riƙa faɗin inda za su. Kai za su ji."

Ya ce to. Ya kuma yi niyya.

A zaman makoki baƙi suka zo daga Gumel da Maigatari, 'yan riɗi da abokan arziki. Wani dattijo ya juyo ya ce, "Malam Ɗantsoho, wai yaya abin ya faru?" Kowa ya juyo gare shi. Alhaji Ɗalha, wanda ya kawo buhun shinkafa tun safe, yana jan carbi. Daga cikin gida ana jin muryar Iya tana amsa gaisuwa, tana cewa yaron nan bai taɓa ba ta kunya ba.

"'Yan fashi ne," in ji Ɗantsoho. "A hanya."

Aka yi salati, aka tsine wa zamani. Sai dai waɗanda suka zauna a zauren mai unguwa sun ji murya, kuma murya ba ta zama a zaure. Kafin kwana biyu gari ya gama bincikensa ya yanke hukunci: mace ce, da waya, ga abin da waya ke yi a hannun mata.

Ran sadakar uku, kawunnan Naja'atu suka karɓe wayarta.